Marigayi Malam Aminu Kano: Malamin da Ya Nemo Wa Talaka Haƙƙinsa Daga Littattafan Addini

Ran 17 ga watan Afrilu na shekarar 1983 Allah Ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa a gidansa da ke unguwar Gwammaja a birnin Kano, yana da shekara 62 da 'yan watanni. Bai taɓa zama firimiya ko gwamna ko shugaban ƙasa ba, kuma zaɓen da ya faɗi ya fi wanda ya ci yawa. Duk da haka da wuya a sami wani ɗan siyasa a Arewa wanda ya sāke tunanin talaka game da kansa kamar yadda marigayin ya yi. Akasarin masu ba da tarihinsa sukan tsaya ga jam'iyyun da ya shugabanta, su manta cewa siyasarsa daga karatun addini ta tsiro. Abin da ya kafa hujja da shi tsawon rayuwarsa shi ne cewa Musulunci ya wajabta wa mai mulki yin shawara da jama'a, ya hana shi cin dukiyarsu ba bisa shari'a ba, ya umurci a ilmantar da mace kamar yadda ake ilmantar da namiji, kuma ya tsare mutuncin maƙwabci ko da addininsa dabam ne.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, daga zuriyar Fulani Gyanawa waɗanda aka sani da ilmin shari'a tun zamanin jihadi. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, mace ce mai karatu, ita ce kuwa ta fara ɗora shi a kan Alƙur'ani kafin ta rasu yana ƙaramin yaro. Wannan tashi ya bar masa abu biyu. Na ɗaya, ya ga yadda ake shari'a daga cikin gida, ya san abin da littafi ya ce, ya kuma ga inda son zuciya da tsoron mai sarauta suke karkatar da hukunci. Na biyu, tun da mace ce malamarsa ta farko, ba wanda ya isa ya gamsar da shi daga baya cewa jahiltar da mata umurnin addini ne.

Ya shiga makarantar elamantare ta Shahuci a 1930, daga nan ya wuce Midil ta Kano. Cikin 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina aka mayar da ita Kaduna a 1938, watau wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa a Zariya. Ya fita a 1942 da takardar shaidar malanta. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo masu yi wa zalunci da ha'inci ba'a, domin ya lura cewa mutanen da ba su iya karanta jarida suna iya kallon wasa su gane inda aka dosa.

Zaman Bauchi da tafiya Ingila

Aikinsa na farko koyarwa ce a Midil ta Bauchi. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya haɗa zurfin ilmin Arabiyya da na zamani. Zaman da suka yi tare a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ya daidaita tunanin Malam Aminu. Sun kasance cikin wata majalisar tattaunawa da aka kafa a garin, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta suke muhawara a kan al'amuran ƙasa. Da muhawarar ta kai ga tambayar ko mulkin da Turawa suke yi ta hannun sarakuna yana da amfani ga talaka, sai hukuma ta ga abin ya wuce inda take so, majalisar ba ta daɗe ba bayan haka.

Cikin 1946 aka tura shi ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar London. Ya isa Ingila lokacin da Jam'iyyar Leba take mulki, tana shirya yadda ma'aikaci zai sami magani da ilmi ba tare da la'akari da aljihunsa ba, kuma a daidai lokacin da Indiya take gab da karɓar 'yancinta. Ya ga yadda ɗan majalisa yake tashi ya tuhumi minista a bainar jama'a ba a ɗaure shi ba. Abin da ya burge shi ke nan, domin ya yi daidai da abin da ya karanta na tarihin Halifofi shiryayyu, lokacin da talaka yake iya tsayar da Sayyidina Umar ya tambaye shi hujjar abin da ya aikata. Bayan komowarsa ya taimaka aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, ya zama sakatarenta. Daga baya aka mayar da shi kwalejin horar da malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, inda ya zauna har ya ajiye aikin gwamnati a ƙarshen 1950.

Hujjar da ya ɗauko daga Sakkwato

A wancan zamani sarakunan Arewa suna jingina ikonsu ga jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, saboda haka duk wanda ya soki En'e sai a nuna wa jama'a cewa addini yake suka. Malam Aminu da Malam Sa'adu ba su ƙaryata wannan gādo ba. Sun karɓe shi, sa'an nan suka nemi a buɗe littattafan masu jihadin a auna mulkin En'e da su.

A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa al'adun mulkin da ya yaƙa: ɗora wa mutane kuɗaɗen da shari'a ba ta sani ba, irin su jangali da kuɗin gari, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da cin kasuwa, da tilasta wa talaka ƙasƙantar da kansa a gaban mai mulki. A cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke koyar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano, inda ya bayyana sharuɗɗan shugaba da wajibcin shawara da yadda ake tsare baitulmali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, yana nuna masa cewa aikin mai mulki ya haɗa da raya sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi domin amfanin jama'a. Ga kuma misalin Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta shirya mata 'yan taru suna shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu.

Da waɗannan littattafai a hannu, tambayar Malam Aminu ta zama mai wuyar amsawa. Idan jangali zalunci ne a 1804, me ya halatta shi a 1950? Idan Shehu ya hana faɗuwa ƙasa a gaban sarki, don me ake ɗaure wanda ya tsaya a tsaye ya yi sallama? Ya riƙa tunatar da masu sauraronsa cewa akwai sura sukutum a cikin Alƙur'ani da aka sa wa sunan shawara, kuma a cikin Ali Imrana an umurci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya shawarci sahabbansa. A ganinsa akwatin zaɓe da majalisar wakilai hanyoyi ne na cika wannan umurni a cikin ƙasa mai miliyoyin mutane, inda ba zai yiwu a tara kowa a ƙofar fada ba.

Tarihin masarautar Daura yana haskaka wani ɓangare na wannan hujja. Bayan jihadi Malam Ishaƙu ya kafa sarautar Fulani a birnin Daura, tsohon gidan sarautar Haɓe kuma ya koma Zango da Ɓaure, har Turawa suka dawo da shi kan gadon mulki cikin 1906 ta hannun Malam Musa. Watau a zamanin En'e Daura tana hannun gidan Haɓe, Kano da Katsina suna hannun gidajen Fulani. Amma haraji ɗaya ne, jangali ɗaya ne, ikon hakimi da dogari da alƙali a kan manomi ɗaya ne, domin tsarin duk na Turawa ne. Manomin gyaɗa a Sandamu ko Mai'aduwa yana ɗauke da kaya irin na takwaransa a Ɗambatta ko Kazaure. Wannan ya sa Malam Aminu, wanda shi kansa Bafulatani ne ɗan gidan shari'a, ya ƙi yarda a mayar da gwagwarmayar ta koma rikicin Haɓe da Fulani. Abin da yake so a gyara shi ne tsarin da ya ba mutum iko ba tare da an sa masa mai tambayarsa ba.

Jam'iyyar Neman Sawaba

Ran 8 ga watan Agusta 1950 waɗansu samari suka kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Malam Aminu yana Maru a lokacin, amma da ya bar aiki sai ya dawo ya shiga, kuma a 1953 aka zaɓe shi shugabanta. Alamarta tauraro ce. Magoya bayanta ƙananan 'yan kasuwa ne da teloli da maƙera da mahauta da 'yan koli da malaman zaure waɗanda ba su cin albashin En'e.

A zaɓen 1951 jam'iyyar ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen na hawa-hawa ne, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, ba ta sami kujera ko ɗaya ba a Majalisar Kaduna. Daga nan matsi ya tsananta. Wanda yake ba da izinin lacca En'e ce, 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne, alƙali kuma ita take biyansa. An ɗaure 'yan NEPU da yawa bisa laifin taro ba izini ko zagin sarauta, an yi wa waɗansu bulala, an ƙara wa waɗansu haraji da gangan, waɗansu kuma suka bar garuruwansu. Malam Aminu ya riƙa nuna cewa yin amfani da kotun shari'a don murƙushe abokin hamayya cin mutuncin shari'ar ne kanta, ya nemi a raba kotuna da ikon masu sarauta. Ya hori mabiyansa da su guji ɗaukar makami, su jure ɗauri, su ci gaba da magana.

Ya tsaya zaɓen Majalisar Tarayya a 1954 ya faɗi a hannun Maitama Sule, wanda a lokacin ya koma NPC. Ya tsaya na Majalisar Jihar Arewa a 1956 ya faɗi a hannun Alhaji Ahmadu Ɗantata. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko.

Makaranta, mata da maƙwabta

Ban da dandalin lacca, Malam Aminu ya kafa makarantar Islamiyya a Kano a farkon shekarun 1950, inda yara suke zama aji-aji, suna koyon Alƙur'ani da fassararsa da Larabci da lissafi, ba tare da an tura su bara ba. Waɗansu malamai sun yi tir da wannan tsari a lokacin, suna kiransa bidi'a. A yau da wuya a sami unguwa a Daura ko Katsina ko Kano wadda ba ta da irin wannan makaranta. Ya kuma shahara da tafsirin watan azumi da Hausa, inda yake ɗauko ƙissar Fir'auna da Ƙaruna ya bayyana wa jama'a abin da girman kai na mulki da tara dukiya ba tausayi suke jawowa, ya bar mai sauraro ya yi wa kansa ƙiyasi.

Game da mata, NEPU ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a tun lokacin da gwamnatin Jihar Arewa take cewa addini da al'ada ba su yarda ba. Ta kafa reshen mata, wanda Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shugabanta, aka ɗaure ta sau da yawa saboda haka. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe musu ƙofa, suka kuma shiga babban zaɓe a 1979.

Game da waɗanda ba Musulmi ba, NEPU ta yi ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, daga baya kuma da UMBC ta Joseph Tarka, wadda ƙarfinta yake a ƙasar Tibi da sauran ƙabilun tsakiyar Nijeriya. Abokan hamayya sun yi amfani da wannan suka ce ya sayar da Arewa ga baƙi, har waɗansu suka kafirta mabiyansa. Amsarsa daga tarihin Musulunci ta fito: Annabi ya ƙulla yarjejeniyar zaman tare da Yahudawan Madina, kuma sahabban farko sun sami mafaka a wurin sarkin Habasha wanda Kirista ne a lokacin, saboda adalcinsa. A fahimtarsa adalci ba a tambayar addinin wanda za a yi wa shi, kuma ƙasa irin Nijeriya ba za ta zauna ba sai kowane ɗan ƙasa ya san doka tana kallonsa daidai da kowa.

Zamanin soja da Jamhuriya ta Biyu

Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, daga 1971 kuma Kwamishinan Lafiya har 1974. A cikin waɗannan shekaru ne gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kansa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala sauran, ya mayar da sarakuna iyayen ƙasa masu ba da shawara. Shi kuwa ya bar kujerar kwamishina ya koma gidansa na Gwammaja kamar yadda ya fito, bai tara abin da ake tarawa ba.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar makulli. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 tare da Samuel Ikoku, ɗan ƙabilar Ibo, a matsayin mataimaki, ya sami ƙuri'a kusan miliyan 1.7, watau kimanin kashi 10 cikin 100. Jam'iyyarsa ta ci gwamna a jihohi 2: Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. A lokacin Daura da Katsina suna cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Gwamnonin biyu suna hawa mulki a watan Oktoba 1979 suka soke haraji da jangali. Manomin Zango da makiyayin Ɓaure, ko PRP ya zaɓa ko NPN, ya wayi gari ba mai bin sa da takardar haraji, ba kuma mai ƙirga masa shanu. Shekara 29 ke nan bayan kafa NEPU.

To, amma nasarar ta zo da nata ciwo. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta rabu biyu, 'yan santsi suna bayan gwamnoni, 'yan taɓo suna bayan Malam. Tushen saɓanin shi ne yadda za a yi hulɗa da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari da sauran gwamnonin hamayya, da kuma wanda yake da ikon yanke wa jam'iyya hukunci. Waɗansu almajiransa sun zarge shi da sassauci, shi kuma yana ganin sun yi gaggawa sun kuma raina tsarin jam'iyya. Majalisar Dokokin Kaduna, wadda NPN take da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni 1981. A watan Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnatin jihar ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya yi shekarunsa na ƙarshe yana kallon gidan da ya gina yana tsagewa. Duk da haka, da ya shirya sake tsayawa takara a 1983, sai ya ɗauki mace Bayarabiya, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa. Ajali ya riske shi watanni kaɗan kafin zaɓen.

Abin da ya bari

An binne shi a cikin gidansa, wanda a yau ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin shari'a da addinin Musulunci duk suna ɗauke da sunansa. Ya bar rubuce-rubuce, ciki har da Motsi Ya Fi Zama, labarin tafiyarsa a ƙasashen Turai, da tarihin rayuwar amininsa Malam Sa'adu Zungur.

En'e ta wuce, haraji da jangali irin na da sun wuce, amma ikon da yake hannun hakimi jiya ya koma hannun shugaban ƙaramar hukuma da babban sakatare da akanta da magatakardan kotu, akasarinsu kuwa 'ya'yan talakawan nan ne da aka yi gwagwarmaya dominsu. Ma'aunin da Malam Aminu ya ɗauko daga littattafan Shehu bai keɓe mai rawani ba. Gaisuwar da aka hana sarki karɓa kafin ya saurari mai ƙara, ita ce abin da ake miƙa wa ma'aikaci kafin fayil ya motsa daga tebur. Baitulmalin da Malam Abdullahi ya ce amana ce, shi ne kuɗin rijiyar burtsatse da na maganin asibitin ƙauye. Ɗalibi kuma yana da nasa darasi: marigayin ya iya tsayawa gaban malaman fada ne domin ya karanta abin da suka karanta, ya kuma iya tsayawa gaban Turawa domin ya san dokokinsu da tarihinsu.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.